Hoton jijiyoyin zuciya yana fita da dishi-dishi, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan hoto. Ina aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Jidda, kuma na'urarmu ta CT, wato mai ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka, mai yanka 64 ce. Wani dattijo ne ɗan gida, mazaunin Makka, aka turo mana don a duba jijiyoyin zuciyarsa saboda ciwon ƙirji. Bugun zuciyarsa na yawo tsakanin 78 da 82 a minti, alhali na'ura irin tamu tana son ya sauka kusan 60 don kada motsin zuciya ya ɓata hoton. Ga shi yana da asma mai tsanani, shi ya sa likitan zuciya ya hana a ba shi metoprolol, maganin rage bugun zuciya da kan iya tayar da asma.

Mun sa masa nitroglycerin, maganin buɗe jijiyoyin jini, ƙarƙashin harshe, ruwan hoton da ake ɗurawa don jijiyoyi su fito fili ya shiga da kyau ta gwiwar hannun dama. Riƙe numfashi ma ni na tsaya ina ce masa "Baba, ja ka riƙe" da Hausa, don muryar na'urar Larabci take yi, ba ya gane ta. Duk da haka tsakiyar jijiyar dama ta zuciya ta fito kamar an shafe ta da yatsa. Na gina hoton daga abin da na'ura ta ɗauka a kashi 75 cikin ɗari na tsawon kowane bugun zuciya, na koma kashi 40, ya ɗan gyaru amma ba yadda likita zai iya yanke hukuncin toshewa ba.

Akwai wanda ya taɓa amfani da ivabradine, wani maganin rage bugun zuciya, ga mai asma kafin wannan hoto? Awa nawa kafin? Ko kuna ganin a daina ƙara masa hasken X-ray da ruwan hoto, a tura shi inda ke da na'ura mai sauri?