Leɓen karkata da dabaibayinsa

Salamu alaikum ƴan uwa. Ina neman taimakonku a kan kalmomi biyu. Ƙanena ya fara haɗa ƙaramin jirgin sama mai kujera ɗaya a garejin kawunmu a unguwar Bagalam ta Maraɗi, da zane na Faransanci a hannu. Sai muka iso wurin aileron, wato faifan nan da ke bayan fiffike daga can ƙarshe, wanda in na dama ya ɗaga sama na hagu sai ya yi ƙasa, jirgi ya karkata. Kawu ne ke yin walda, bai yi lakwal ba, ya ce: "Ku faɗa mini da Hausa, in san abin da nake ƙerawa."

Kalmar ta Faransanci ce, ma'anarta ɗan fiffike. Wani ya ba da shawarar mu bar ta haka. Ban gamsu ba, don Kawu da ya ji "ɗan fiffike" sai ya nuna wutsiyar jirgi. Wani ya ce marfi, amma marfi rufewa yake yi, wannan kuwa lilo yake sama da ƙasa. Ni na fi son leɓen fiffike. Matsalar ita ce akwai wani leɓen kusa da gangar jirgi, wanda ake saukewa duka biyu tare lokacin sauka. Don haka na ce a kira namu leɓen karkata, wancan leɓen sauka.

Ta biyun, wato sunan iyakar da ake yi wa motsin leɓen, ita ce ta fi ɗaukar mana lokaci. Ba a barin leɓen ya tafi iya son ransa, kowane zane yana da adadinsa. A ƙaramin jirgin nan Cessna 172 digiri 20 ne sama, 15 ƙasa. Da gangan ake rage na ƙasa, domin leɓen da ya sauka ya fi jan iska, yakan fizgi hancin jirgi zuwa ɓangaren da matuƙi bai nufa ba. Noti ne ake ɗaurewa ya tokare hannun da ke juya leɓen, a aza ma'aunin kusurwa a kai, a ƙara zare ko a rage har lamba ta zauna.

Na ce takunkumi, Kawu ya girgiza kai. Na ce turke, ya ce dabbar da ke turke ai ba ta zuwa ko'ina. Ya kama leɓen da hannu ya ɗaga har notin ya ce ƙwas, ya sauke, sannan ya ce: "Ɗana, wannan dabaibayi ne. Jaki yana tafiya da shi, taku ne aka ƙayyade masa."

Wallahi ta zauna mini daram. Dabaibayin leɓe, notin kuma matokari. Abin da ya rage shi ne tazarar da leɓen ke ci tsakanin matokaran biyu: ni na ce taku, bin maganar Kawu, ƙanena ya nace sai zango. Masu gyaran jirgi da ke Yamai ko Kano, wace kuke ganin za ta fi shiga kunnen makaniki?