Tambaya kan ƙwarewa a cututtukan hanji da aikin Farfesa Truelove

Ɗalibi daga Samaru:
Assalamu alaikum, malamai da yayye. Ina ajin ƙarshe na karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma zuciyata ta karkata ga fannin ciki da hanji, musamman gyambon babban hanji da cutar Crohn. Sunan Sidney Truelove na Oksfod da ke Ingila yana yawan fitowa a littattafanmu. Mene ne ainihin abin da ya yi da har yau ake ambatonsa? Sannan wasu abokaina suna cewa waɗannan cututtukan Turawa ne, wanda ya ƙware a kansu a Zariya zai rasa majinyata. Ina neman shawararku kafin in yanke hukunci.

Likitan Ciki:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Truelove ya yi aikinsa a asibitin Radcliffe da ke Oksfod, a lokacin da tsananin gyambon babban hanji yake yawan kai mutum kabari. A 1955 shi da Leslie Witts suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa majinyata sama da 200, inda aka ba wani rukuni kotizon, wato maganin rage kumburi, aka ba ɗayan ƙwayar da babu magani a cikinta, sannan aka kwatanta. Waɗanda suka sha kotizon sun fi samun sauƙi, kuma gwajin yana cikin na farko-farko irinsa a wannan fanni.

A cikin aikin ne suka fitar da ma'aunin da muke riƙe da shi har gobe a gefen gado: kashin jini sau 6 ko fiye a yini, haɗe da zazzaɓi, ko bugun zuciya sama da 90 a minti ɗaya, ko ƙarancin jini, ko hauhawar ESR (gwajin jini mai nuna kumburi a jiki), yana nuna cutar ta yi tsanani. Ka lura cewa duk waɗannan ana iya auna su a kowane asibitin garin nan, kuma wannan ne ya fi burge ni game da shi. A 1974 shi da Derek Jewell suka tsara ba da magani dangin kotizon ta jijiya na kwana 5 kafin a yanke shawarar tiyata. A 1977 kuma, tare da Azad Khan, ɗan Bangaladash da ya je karatu wajensa, suka gano cewa sinadarin 5-ASA ne ɓangaren da yake aiki a cikin salfasalazin, wani maganin gyambon babban hanji, abin da ya buɗe ƙofar magunguna masu sauƙin illa.

Game da hanya, bayan hausmanshif, wato aikin horo na sabon likita a asibiti, da bautar ƙasa za ka rubuta jarrabawar firamare ta kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, ka shiga horon likitancin manya, sannan ka zaɓi fannin ciki da hanta a mataki na biyu, wanda ake kammalawa da kundin bincike. Ka sani kuma cewa a nan ciwon hanta ne zai cinye mafi yawan lokacinka a kilinik.

Yaya daga Tudun Wada:
Ni ba likita ba ce, amma maganar rasa majinyata ta taɓa ni. Ƙanena ya shafe shekaru yana kashin jini da majina, a kemis a ce atuni ne, a gida a ce basir ne ko ɗan kanoma, ya sha saiwoyi har ya gaji. Na tuna yadda yake shimfiɗa tabarmarsa kusa da ƙofar banɗaki da dare, da yadda wandonsa ya daina zama a ƙugunsa sai da igiya. Sai da aka leƙa hanjinsa da na'ura aka ɗebi tsoka aka auna, sannan aka gane gyambon babban hanji ne. Don Allah, ɗana, kada maganar abokanka ta karya maka gwiwa.

Malamin Nazarin Tsoka:
Allah ya ƙara masa lafiya, Hajiya. Abin da ta faɗa shi ne gurbin binciken da nake so ka duba. A wajenmu amiba da tsargiyar hanji suna kwaikwayon gyambon babban hanji, tarin fuka na hanji kuma yana kama da cutar Crohn matuƙa, domin dukansu sun fi son mahaɗar ƙaramin hanji da babba, kuma ko a ƙarƙashin madubin likita bambance su yana da wuya. Kuskure a nan yana da haɗari, saboda idan aka ba mai tarin fuka maganin danne garkuwar jiki, cutar za ta bazu. Tun yanzu ka samu littafi ka riƙa rubuta duk mai gudawa da jini ta wuce mako 4 da ka gani a wad: abin da aka auna, abin da aka ba shi, da yadda ya kasance bayan wata 6.

Ɗalibi daga Samaru:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, idan ka ba ni izini zan zo ofishinka ranar Litinin bayan zagayen wad, domin ka nuna mini bambancin tsokar nan biyu da idona.