Ina zan samu ƙamus na sarar Turanci da za a dogara da shi?

Telan Aboabo: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni tela ne a Aboabo, cikin Kumasi, kuma da yawa daga masu ba ni ɗinki 'ya'yan mutanenmu ne da suka tashi a Landan da Amurka. Makon jiya na aika wa wata hoton rigarta ta WhatsApp, sai ta amsa da kalmar "sick". Na kwana cikin damuwa ina zaton aikin bai yi mata ba, ashe a bakin matasa yabo ne babba. Wane ƙamus ne zai fitar da ni daga irin wannan duhu?

Malamar Asawase: Wa alaikumus salam, Malam. Mutane da dama za su nuna maka Urban Dictionary, wanda Aaron Peckham ya kafa a 1999, amma ka sani kowa yana iya rubuta ma'ana a cikinsa, masu karatu kuma su kaɗa ƙuri'a ga wadda ta burge su, shi ya sa raha da batsa sukan danne ma'anar gaskiya. Ɗalibaina nakan fara tura su ga ƙamus na masu koyo na Oxford ko na Cambridge, domin suna sanya alama a kan kalma: wannan ta hira ce, wannan sara ce, wannan zagi ce. A ganina alamar nan ta fi ma'anar kanta amfani, saboda kalmar da ta dace tsakanin abokai tana iya zama rashin kunya idan aka faɗa wa babba ko mai ba ka aiki.

Ɗan Sabon Zongo: Malama ta faɗi gaskiya. Zan ƙara da Green's Dictionary of Slang na Jonathon Green, wanda ya fito juzu'i uku a 2010, yanzu kuma ana karanta shi kyauta a intanet. Yana kawo shekara da ƙasar da aka yi amfani da kalma, don haka za ka gane ko ta Ingila ce ko ta Amurka, ko kuwa an daina yayinta. Sai dai sababbin kalmomin TikTok sukan riga shi fitowa.

Telan Aboabo: Allah Ya saka da alheri. Zan fara da na Cambridge, Malama, abin da ban samu ba kuma in tambayi mai rigar da kanta kafin in zargi ɗinkina.