Ɗiyata ta wuce ajinsu a karatu, makaranta ta ce ba a tsallaken aji: ta ina zan ɓullo?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga malamai da iyayen da suka taɓa shiga irin wannan hali.

Ɗiyata shekararta takwas, tana aji uku na firamare. Tun kafin ta shiga makaranta take haɗa baƙi da kanta, yanzu kuma lissafi ne ya ɗauke mata hankali. Kwanan baya na same ta ta zana da'ira a bayan littafi, ta tsaga ta gida goma sha biyu, tana son ta gane abin da sulusi da rubu'i za su bayar idan aka haɗa su. Ta ƙirga, ta ce min bakwai ne cikin sha biyu. Ba wanda ya koya mata. A aji kuwa har yanzu haddar sau huɗu da sau biyar ake yi.

Idan ta gama aiki sai a ƙara mata irinsa, ko a ce ta je ta nuna wa na baya. Yanzu kusan kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo, ba ta son zuwa. A takardar sakamako an rubuta cewa ba ta mayar da hankali. Na yi wa malamarsu maganar ko za a kai ta aji na gaba, ta ce makarantarsu ba ta tsallaken aji, kuma rubutun yarinyar bai yi kyau ba, ga ta da saurin kuka. Babanta ya ce duk abin da ya fi alheri a yi, amma yana tsoron kada a kai ta cikin waɗanda suka girme ta ta takura. Ni kuma ina kallon yarinyar da take son karatu tana fita daga son makaranta. Yaya zan yi da su ba tare da an ɗauke ni uwa mai zuzuta 'yarta ba?

Wata malamar firamare mai ritaya:

Wa alaikumus salam 'yata. Zan gaya miki yadda abin yake daga ɓangarenmu. Malami ya sha jin iyaye na cewa ɗansu na da baiwa, har kunnensa ya saba, da kin faɗi haka zai gyaɗa kai ne kawai. Abin da ba ya iya kawar da kai daga gare shi shi ne takarda. Ki tara aikin da take yi a gida da hannunta, ki sa kwanan wata a kowanne, har wannan da'irar. Kada ki gyara mata komai.

Sannan kada ki shiga da buƙatar tsallake. Ki shiga da buƙatar gwaji. Ki ce: "Malama, ina roƙon a ba ta jarrabawar ƙarshen shekara ta aji uku yanzu, idan ta cinye a ba ta ta aji huɗu, mu ga inda za ta tsaya." Dalili kuwa, yaron da ya ci ɗari bisa ɗari a jarrabawar ajinsu bai nuna miki iyakarsa ba, iyakar jarrabawar ya nuna miki. Sai an ba shi abin da ya fi shi ake ganin inda ƙarfinsa ya ƙare. Malamin da ya ƙi tsallake da wuya ya ƙi gwaji, kuma sakamakon nasu ne, su suka yi shi, ba za su ce ke kika ƙirƙira ba.

Ki fara da malamar aji, ki kuma gode mata, domin ita za a fara tambaya. Idan abin ya fi ƙarfinta, ki sanar da ita cewa za ki rubuta wa shugaban makaranta, kada ta ji labari daga sama. Ki nemi a nuna miki dokar hana tsallaken a rubuce. Sau da yawa ba doka ba ce, ba a saba yi ba ne kawai.

Batun sa ta koya wa na baya, jefi-jefi ba laifi. Amma kullum, a'a. Ita ma koyo ta zo yi.

Wani uba mai yara a sakandare:

Hajiya, ni dai ina tare da maigidanki. Sannu ba ta hana zuwa. Yau shekara ɗaya ba komai ba ce, amma ki hango ta a sakandare, ƙawayenta sun fara zama 'yan mata ita tana yarinya, hirarsu daban tata daban. Ki kuma duba ƙarshen hanya: a wasu ƙasashe jami'o'i na da ƙa'idar shekarun shiga, sai yaro ya gama da wuri ya zauna jira. Ki binciki ta inda kike. Me zai hana a bar ta a ajinsu, ki riƙa ƙara mata a gida?

Wata mai nazarin harkar ilimi:

Baba, damuwarka tana kan hanya, kuma ita ce damuwar da masana suka fi bincika. Sai dai ƙari a gida ba ya magance sa'o'in da take zaune a aji ba ta koyon komai, kuma a nan ciwon yake.

A 1971 wani masani mai suna Julian Stanley ya fara wani bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Ya riƙa ba yara 'yan shekara 12 da 13 jarrabawar da ake yi wa masu neman shiga jami'a, wato dai dabarar da Malama ta faɗa. Camilla Benbow da David Lubinski suka ci gaba da bin rayuwar waɗannan yara, sama da 5,000, shekaru da dama. Sun gano waɗanda aka tsallakar sun fi takwarorinsu masu basira iri ɗaya samun digirin digirgir, kuma da aka waiwaye su suna kusan shekara 50 ba a ga alamar saurin ya cutar da kwanciyar hankalinsu ba. A Ostareliya ma Miraca Gross ta bi wasu yara 60 masu tsananin basira, ta ga waɗanda aka tsare a ajin sa'o'insu su ne suka fi fama da kaɗaici, domin irin waɗannan yara sun fi samun abokin hira a cikin waɗanda suka ɗan girme su.

Amma 'yar uwa, kada ki ɗauki wannan a matsayin hukunci a kan 'yarki. Sakamako ne na jimla, kuma na yaran da aka tantance. Abin da na fi so ki riƙe shi ne tsallaken aji hanya ɗaya ce cikin hanyoyi. Wani rahoto da Jami'ar Iowa ta fitar a 2004 ya lissafa iri 18, na 2015 ya kai su 20. Biyu sun dace da labarinki. Ta farko, a bar ta a ajinsu, lokacin lissafi kawai ta tafi aji na gaba. Terence Tao, wanda ya ci babbar lambar yabo ta lissafi mai suna Fields a 2006, haka aka yi masa yana yaro: lissafi a sakandare, wasu darussan tare da 'yan firamare. Ta biyu, a gwada ta kafin a fara kowane babi, abin da ta sani a ɗauke mata, a ba ta sabo a gurbinsa. Sally Reis da abokan aikinta a Jami'ar Connecticut sun nuna ana iya cire kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na manhaja ga irin waɗannan yara ba tare da sakamakonsu ya faɗi ba.

A Iowa ɗin kuma suna da ma'auni na yanke shawarar tsallake gaba ɗaya. Cikin abubuwan da ke sa a dakata akwai yaron da ya ce ba ya so, da wanda zai tarar da yayansa a ajin da za a kai shi. Idan akwai hali, ki nemi masanin halayyar yara ya yi mata gwajin kaifin basira. Rashin kyawun rubutu kuwa ba hujja ba ce. Kan yaro na iya yin gaba hannunsa na nan a shekara takwas. A dai duba, kada ya zama akwai wata matsalar rubutu da hazaƙarta ta rufe.

Wata da aka taɓa tsallakarwa:

Ni an kai ni daga aji biyu zuwa huɗu, kuma har gobe ina gode wa iyayena. Abin da ya ba ni wuya ba shekaru ba ne. Akwai abubuwan aji uku da ban taɓa gani ba, kamar karanta agogo da doguwar rabawa, kowa ya ɗauka na sani, ni kuma kunya ta hana ni tambaya. Ranar da malami ya ɗaga agogon kwali ya kira sunana, na tsaya ina kallon hannayen nan biyu, ajin ya yi tsit. Aunty, idan an yi gwajin nan, ki karɓi takardar ki ga tambayoyin da ta faɗi, a cike mata su kafin ta shiga.

Ki kuma shirya ta cewa za ta iya daina zuwa ta ɗaya na ɗan lokaci. Yaron da bai taɓa shan wuyar karatu ba yana razana ranar da ya fara sha, ga shi kin ce tana da saurin kuka. Gara ta koyi yin fama da abu mai wuya yanzu tana gabanki da ta fara haɗuwa da shi a jami'a. Uwa uba, ki tambaye ta. Ni ba a tambaye ni ba, na tashi ne na ga an canza min aji.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, na karanta wa babanta amsarka, ya ce ka faɗi abin da ke ransa. Na zauna da yarinyar kamar yadda ƙanwata da aka taɓa tsallakarwa ta ce. Ta ce tana son lissafin manya, amma ba ta son rabuwa da ƙawarta da suke zama benci ɗaya. Don haka mun tsaya a kan neman lissafi kaɗai tukuna. Malama, idan suka ce lokacin lissafin aji uku da na aji huɗu bai zo ɗaya ba fa?

Malamar firamare mai ritaya:

Za su faɗa kuwa, 'yata, kuma gaskiyarsu ce, don haka ki je da mafita a hannu. Mafi sauƙi a daidaita jadawalin azuzuwan biyu a farkon zango, shi ya sa ya kamata ki yi maganar yanzu kafin a tsara na gaba. Idan bai yiwu ba, malamin aji huɗu ya riƙa ba da aikin, ta yi shi a ajinsu lokacin lissafi, shi ya duba, ya kuma zauna da ita ko sau ɗaya a mako.

Ki ce musu gwaji ne na mako shida, idan bai yi ba ta koma ba tare da an kira shi faɗuwa ba, ita ma ki gaya mata haka. Wannan yana kwantar wa shugaban makaranta hankali ƙwarai. A rubuta abin da aka amince a kai: wa zai ba ta maki, jarrabawar wane aji za ta yi, wace rana za a sake zama. Ki kuma tambaye su tun yanzu me za a koya mata idan ta gama lissafin ajin ƙarshe alhali saura mata shekara a makarantar, don kada a sa ta maimaita. Ku je tare da babanta, shi da yake da shakka tambayoyinsa za su yi amfani. Ciwon cikin nan kuma ki kai ta likita ya duba, kada mu ɗora shi duka a kan makaranta.