Fayafayan garmahon da Baba ya bari: in nemi na'ura ko in sayar?

Malamin Firamare, wajen Ringim

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja bayani.

Mahaifinmu ya rasu bayan babbar sallar bara, Allah ya jiƙansa. Ranar rabon gado muka buɗe wata tsohuwar adaka a ƙuryar ɗakinsa, wadda tun muna yara ba mai kusantar ta. A ƙarƙashin rigunansa muka tarar da fayafayan garmaho guda 37, ya sa tsumma a tsakaninsu. Guda 12 masu nauyi ne kamar tangaran, ɗaya ma ya tsage. Sauran sun fi faɗi amma ba nauyi, suna cikin kwalayensu, gara ta ɗan ci gefen wasu. Akwai na Shata masu tambarin EMI, akwai na Ɗan Maraya Jos, da na Indiya, da guda uku da rubutunsu ya goge. Garmahon mai hannu yana nan, sai dai in ka murɗa hannun ba ya juyawa. Ɗaya na'urar mai batir da ya sayo a Sabon Gari lokacin yana fataucin gyaɗa, ita kam ta daɗe da ɓata.

An yi wa kayan kuɗi an cire a rabona, don ni kaɗai na nuna ina so. Yanzu wani mai sayen tsofaffin kaya ya zo sau biyu yana tayawa. Ƙanina ya ce in sayar, tunda duk waƙoƙin suna cikin waya. Garinmu ba wutar lantarki, cajin waya ma a shago muke biya. To a wannan zamani faifai yana da sauran amfani? Kuma da gaske ne sautinsa ya fi na waya, kamar yadda nake ji ana faɗa?

Mai Turi, Wudil

Wa alaikumus salam Yaya Malam, Allah ya gafarta wa Baba. Ni sana'ata tura waƙa a waya, ranar Juma'ar kasuwa ba na samun zama, don haka zan faɗa maka abin da nake gani. Memori mai giga 8 yana ɗaukar waƙa sama da 1,000. Ka sa shi a 'yar lasifika mai cajin sola, ka rataya a bishiya kana noma, har yamma bai ƙare ba. Faifai kuwa bayan minti 20 sai ka tashi ka juya shi. Maganar sauti kuma, wanda ba ya ƙaraf-ƙaraf ai shi ne mai kyau. In kuɗin da mutumin ya taya da kauri, ka karɓa ka sayi taki.

Tsohon Mai Gyaran Rediyo, Haɗeja

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Kafin ka yanke shawara, akwai abu ɗaya da nake roƙonka: ko an gyara garmahon nan, kada ka ɗora masa fayafayan nan masu faɗi. Iri biyu ne a hannunka, kuma ba na'ura ɗaya ce ke kunna su ba.

Masu nauyin su ne tsofaffin, suna juyi 78 a minti ɗaya, kowane gefe waƙar kamar minti uku. Da wani irin ƙaro ake yin su, wanda wasu ƙwari ke fitarwa a jikin bishiya a Indiya, shi ya sa suke fashewa in sun faɗi. Su ne na garmaho mai hannu. Allurarsa ta ƙarfe ce, a ƙa'ida gefe ɗaya ake ji da ita a canza, shi ya sa ake sayar da su cike da ɗan gwangwani. Mutanenmu sukan yi ta amfani da guda ɗaya har ta dakushe, ita ce ke cinye layin faifan.

Masu faɗin kuwa roba ce, irin wadda ake bututun ruwa da ita. Kamfanin Columbia na Amurka ne ya fito da su a 1948, suna juyi 33 da sulusi. Layinsu siriri ne ƙwarai, allurarsu mai kan lu'ulu'u ce, nauyin da take sauke wa faifai bai fi giram biyu zuwa uku ba. Hannun garmaho kuwa ya haura giram 100. Ji ɗaya ya isa ya kashe maka faifan Shata har abada. Na ga an yi haka da idona, mai shi ya zauna yana hawaye a shagona.

Garmahonka ina zaton sifirin ne, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke juya faifan, ya tsinke, ko man cikinsa ya daskare. Ana gyarawa. Amma kada ka buɗe gidan sifirin da kanka, in ya ɓalle yana yanka hannu.

Sai ajiya. Abin da ke kashe faifai a ƙasarmu zafi ne da ƙura. A bazara, ɗakin kwano yana lanƙwasa na roba kamar ganye, in ya lanƙwashe kuwa allura tsalle za ta yi ta yi. Ka fitar da su daga adakar, ka tsayar da su a tsaye kamar littattafai, a ɗakin ƙasa mai sanyi, nesa da bango saboda gara. Ƙurar hunturu kuma tana shiga layin, ita ce rabin ƙaraf-ƙaraf ɗin da wancan yaro yake faɗa. Ka goge da ƙyalle mai laushi kana bin zagayen layin, ka riƙe faifai ta gefe. Kada barasar asibiti ta taɓa masu nauyin, narkar da su take yi.

Batun wanne ya fi sauti, ba zan yi maka ƙarya ba. Tun da sidi ya fito a 1982 ya fi faifai tsafta, ba shuu, kuma ji ba ya cinye shi. Abin da faifai yake da shi, shi ne yana zaunar da mutum. A da in an kunna garmaho a zaure, kowa shiru yake yi har gefen ya ƙare, don an san minti uku ne. Yanzu jikokina ba sa bari waƙa ta kai rabi.

Malama 'Yar Bichi

Malam, ina tare da Baba mai gyaran rediyo, sai dai zan ƙara wani abu. Faifai bai mutu a duniya ba. A Amurka, a 2020 kuɗin cinikinsa ya wuce na sidi, karo na farko tun shekarun 1980. Amma can suna da wuta da ɗakuna masu sanyi da shagunan allura, kuma su ma yawancin sauraronsu ta intanet ne. Ba zan ce ka kwaikwaye su ba.

Inda ban yarda da ƙaninka ba shi ne cewar duk waƙoƙin suna cikin waya. Spotify, dandalin jin waƙa ta intanet, bai shigo Najeriya ba sai 2021. Ka shiga shi, ko Boomplay, ko Audiomack, ka nemi tsofaffin makaɗanmu, sannan ka kwatanta da yawan abin da suka rera. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, waƙoƙinsu sun fi ƙarfin abin da aka ɗora. Su ma ke nan da suka yi suna, ina ga mai kukuma ko mai gurmin da ya yi faifai ɗaya ya koma gona? Waɗanda ke yawo a memori kuma yawanci daga kaset aka kwafo, kaset ɗin ma kwafin kwafi ne. Wata an yanke farkonta, wata an sa mata sunan wani mawaƙin daban, wata kuma mai shago ya ɗora muryarsa yana tallar shagonsa a kai. Kuma waƙar da kake ji ta intanet haya ce, ranar da aka cire ta ko datarka ta ƙare, shi ke nan.

Akwai na'urar faifai mai igiyar USB da ake haɗawa da kwamfuta, da manhajar Audacity ta kyauta ake naɗa. Sau ɗaya za a kunna kowane faifai a juye shi, ka ɗauki hoton kwalin da tambarin. Guda ukun nan da rubutunsu ya goge su na fi jin tsoron ka rabu da su.

Malamin Firamare, wajen Ringim

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mai Turi, gaskiyarka ce, a gona da kan babur memori zan ci gaba da ji, ba zan yaudari kaina ba. Amma na gaya wa mai tayin ya haƙura.

Baba mai gyaran rediyo, wallahi saura kaɗan. Niyyata in an gyara garmahon in fara ɗora na Shata. Jiya da yamma na kwashe su na kai ɗakin Inna, na ƙasa ne mai rufin azara, na jera su a tsaye cikin kwali a kan bulo. Tana kallona ina jerawa, sai ta ce in miƙo mata ɗaya daga cikin masu gogaggen rubutun. Ta gane shi ta wani tabon man ja a gefen takardar. Ta ce shi aka yi ta kunnawa a zaure satin da aka kawo ta gidan, wani mai kukuma ne, sunansa ya kwanta mata amma ta tuna amshin, har ta ɗan rera. Na nema a waya da kalmomin da ta faɗa, ban samu komai ba.

Shi cikin masu nauyin yake, wato na garmaho ne. Malama, zan nemi mai irin na'urar da kika ce in na shiga Kano hutun zango, sai dai in tabbatar tana da juyi 78 da allurarsa. Kafin nan ina so Inna ta ji shi a kan garmahon mai shi. Baba, in na ɗauko shi zuwa Haɗeja ranar Asabar zan same ka a shago? Kuma allurar ƙarfen har yanzu ana samu, ko sai an yi saƙo?