Ashwagandha da maganin hawan jini: su ke sa ni jiri?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na shiga wani hali, ina neman shawarar wanda ya sani.

Bara na raka Baba Indiya aikin gwiwa. A Kerala muka biya wajen wani mai maganin Ayurveda, wato maganin gargajiyar Indiya, ya kama wuyan hannuna ya saurari bugun jini, ya ce yanayin jikina "vata" ne (ɗaya daga cikin rabe-raben yanayin jiki a wajensu), shi ya sa barci ke gagarata. Ya ba ni garin saiwar ashwagandha, rabin ƙaramin cokali a madara mai ɗumi da kurkum da masoro kafin kwanciya.

Wallahi barci ya dawo, har Hajiya tana mini tsiya. Amma fa ina shan maganin hawan jini, amlodipine 5mg, kowace safiya, kuma mako biyu ke nan da na ɗago daga sujada sai jiri ya kwashe ni, rannan sai da na dafa bango. Likitana ya ce bai san ganyen ba, in daina kawai. Na daina kwana huɗu, jirin ya ragu, barcin kuma ya gudu.

Akwai likita ko mai harhaɗa magunguna da ya san yadda su biyun ke haɗuwa? Sannan garin ba shi da lambar NAFDAC, a ina zan kai a duba ko akwai dalma a ciki?