Zare: me za mu kira dabbar da ake kiwo a cikin wasan rubutu?

1/ Jama'a, salamu alaikum. Kalma muke nema, kuma saboda ita aikinmu ya tsaya cak. Mu 'yan tsiraru ne a nan Jos da muke mayar da wani tsohon wasan kwamfuta zuwa Hausa, irin wanda babu hoto ko ɗaya a cikinsa, rubutu ne zalla. Mun gama da ƙofar gari, kasuwa, maƙera da gidan burodi. Da muka iso shagon dabbobi sai aka yi cirko-cirko. Abin da Bature yake kira "virtual pet" ba mu da sunansa. A bakinmu "fet" muke cewa, fet ɗina, fet ɗinka, amma ba na jin za mu rubuta wannan a jikin allon shago mu ce mun yi Hausa.

2/ Ga wanda bai san irin wasan ba: MUD ake ce masa. Roy Trubshaw ne ya fara rubuta na farko a Jami'ar Essex ta Ingila a 1978, Richard Bartle ya ci gaba da shi. Kana shiga, wasan zai rubuto maka inda kake tsaye, da wanda ke wurin, da hanyoyin fita. Kai kuma ka rubuta abin da za ka yi: arewa, ɗauki takobi, gai da mai gadi. Mutane da yawa suna ciki a lokaci guda, ana haɗuwa, ana faɗa da dodanni, ana ciniki. Wanda muke fassarawa CircleMUD ne na Jeremy Elson, wanda ya fito a 1993, shi kuma ɗan DikuMUD ne da ɗaliban Jami'ar Kopenhagen ta Denmak suka rubuta a farkon shekarun 1990. Dalilin da ya sa muka zaɓe shi ba ɓoyayye ba ne: ba ya cin data, kuma tsohuwar waya ma tana ɗaukarsa.

3/ Yadda cinikin yake. A birnin Midgaard, inda sabon ɗan wasa ke fara rayuwa, akwai shago. Ka nemi a jera maka abin da ke akwai, sai ka ga ɗan kyanwa, kwikwiyo, manyan karnuka, har da kyarkeci. Farashi kuwa lissafi ne ba tayi ba: matakin ƙarfin dabbar sau 300 na zinaren wasa. Mai mataki na 1 zinare 300, mai mataki na 5 zinare 1,500. Babu "albarka", babu "sallama", babu la'adar dillali. Wanda ya saba da Kara ta Bukuru ranar kasuwa zai ji abin banbaraƙwai. Idan ka saya kana iya raɗa mata suna nan take, daga nan duk inda ka sa ƙafa tana bayanka, kuma abin da ka umarce ta shi za ta yi.

Wani abin dariya da muka gani a cikin lambobin wasan, wato rubutun kwamfuta da aka gina shi da shi: dabbobin ba a shagon suke ba. Akwai wani ɗaki a ɓoye, mai lamba ta gaba da ta shagon, wanda ɗan wasa ba ya shiga. A can ake tsare da ɗaya-ɗaya na kowace iri, kana biya a kwafo maka sabuwa. Masu rubuta wasan ma sun san halin ɗan Adam. Sun cire ladan da ake samu idan an kashe dabbar, don kada mutum ya saya ya yanka ya ƙara mataki, kuma sun hana ta ɗaukar kaya, don kada a mayar da ɗan kyanwa jaki.

4/ Kula da ita fa? A asalin wannan wasan ba ta jin yunwa. Kulawar ita ce kada ka jefa ta faɗan da ya fi ƙarfinta, ka bar ta ta huta, ka sa a yi mata magani idan ta ji rauni. Kuma kana fita daga wasan shi ke nan, ta tafi da kuɗinka. A wani reshen DikuMUD da ake kira ROM ne aka gyara, ana adana dabbar tare da mai ita. Ciyarwa da shayarwa da rarrashi kuwa, abin da ya sa duniya ta san su Tamagotchi ne, ɗan abin wasan nan mai siffar ƙwai da kamfanin Bandai ya fitar a Japan a 1996, wanda in ka manta da shi sai ka tarar ya mutu. Mu a namu mun ƙara yunwa da ƙishirwa. Ku riƙe Tamagotchi a rai, zai dawo a gardamar.

5/ To, matsalar biyu ce a haɗe. Ta farko ita ce dabbar kanta. Bahaushe ba baƙon kiwo ba ne, amma kusan kowace dabba a gidansa da aikinta. Kare na gadi ne ko farauta, kyanwa ta ɓera ce, akuya asusun uwar gida ce, rago yana jiran Layya. Abin da ya fi kusa da na Bature shi ne yaron da ke kiwon tantabaru a saman soro, ko mai aku a keji, ko mai zomaye. Wannan kiwon sha'awa muke ce masa. Saboda haka ba gaskiya ba ne a ce ba mu san abin ba. Suna ne dai ba mu ware wa dabbar ba, aikin muka raɗa wa suna.

Ta biyu ita ce yadda za a ce abu yana nan amma ba ya nan.

6/ Ga abin da aka kawo zuwa yanzu, da abin da ya faru da kowanne.

Dabbar gida. Wannan ta faɗi tun kafin a gama faɗinta. Saniya ma dabbar gida ce.

'Yar tsana. Ƙanwata ce ta kawo, kuma ta kafe. Ta ce: "Yaya, ai duk abin da yaro zai raɗa wa suna ya goya ya ba shi abincin ƙarya 'yar tsana ce." Ba ta yi ƙarya ba. Sai dai 'yar tsana ba ta motsi sai ka motsa ta, wannan kuwa tana bin ka, tana cizon maƙiyinka, tana mutuwa ba da izininka ba. Ga kuma samarin da ba za su taɓa rubuta "sayi 'yar tsana" a gaban abokansu ba, ko da kyarkeci ne.

Ɗan mallaka. Wannan wasa ne, amma yana da tushe. A cikin lambobin wasan, alamar da ake sa wa dabbar da ka saya ita ce dai alamar da ake sa wa wanda aka yi wa asiri ya zama bi-ta-zai-zai. Wani a cikinmu ya ce to ai mallaka ce. An yi dariya an wuce. Kalmar ta riga ta yi nauyi a gidajen aure, ba ma son ta a wasan da yara za su shiga.

7/ Dabbar bogi ce ta fi samun magoya baya, kuma ita na fi ƙi. Bari in daɗe a nan.

Bogi abu ne da aka yi don a yaudare ka. Takardar bogi, likitan bogi, maganin bogi. Akwai na gaske, sai wani ya ƙera mai kama da shi ya miƙa maka a matsayin na gasken. To wa aka yaudara a nan? Babu wanda ya shiga shagon Midgaard yana zaton za a aiko masa da kyarkeci Unguwar Rogo. Mai saye ya san abin da ya saya, kuma abin da ya saya ya samu: abokin tafiya a cikin wasa, mai yin abin da aka ce zai yi. Idan muka ce bogi, mun mayar da mai shago ɗan damfara, mai saye kuma wawa.

Kuma maganar ba ta tsaya a zinaren wasa ba. Akwai wasannin rubutu da ake sayen kaya a cikinsu da kuɗi na gaske. Achaea, wanda aka buɗe a 1997, yana cikin na farko-farko da suka rayu da irin wannan ciniki. Ranar da wani yaro zai ce wa mahaifinsa ya ba shi kuɗi zai sayi "dabbar bogi", an gama magana. Baba zai ce cinikin biri a sama ne, kuma kalmar da muka ƙirƙira ce ta ba shi hujja. Ko cinikin ya dace ko bai dace ba, wannan zance ne na malamai da iyaye. Amma kada sunan ya yanke hukunci tun kafin a zauna.

8/ Dabbar allo. Wannan tawa ce, kuma na so ta. Muna ce wa fuskar waya da ta kwamfuta allo, ga shi dabbar da rubutu aka yi ta, ga shi idan aka kashe na'urar da ke ɗauke da wasan kamar an wanke ne. Wani dattijo da muke kai wa fassararmu yana dubawa ya fara nuna rashin jin daɗi, ya ce: "Ɗana, allo na karatu ne, kada ku ɗaure masa kare." Na yi shirin gardama da ladabi. Amma wanda ya kashe kalmar abokinmu ne makaho, wanda ya fi mu duka iya wasan. Shi da manhajar da ke karanta masa rubutu da murya yake yi, kuma irin waɗannan wasanni suna da makafi da yawa a duniya saboda komai rubutu ne. Ya ce: "Malam, ni ban taɓa ganin allon nan naku ba, amma kwikwiyona na sani, da kunne nake kiwonsa." Ban da abin cewa. Allo wurin nunawa ne kawai, ba shi ne dabbar ba.

9/ Saura dabbar gizo.

Na san abin da za ku ce, don an riga an faɗa mana: gizo ai intanet ne, yanar gizo, to Tamagotchi na asali da ba ya hawa intanet fa? Amsata ita ce gizo ya girmi intanet a Hausa nesa ba kusa ba. Kafin a yi yanar gizo muna cewa abu yana yi mini gizo, wato ina ganinsa a idona alhali ba ya wurin. Wanda ya yi kewar mahaifiyarsa zai ce fuskarta tana yi masa gizo. Muna da bakan gizo, wanda kowa yana gani, babu mai taɓawa. Wannan ita ce ma'anar da muke nema daidai, kuma babu zargin yaudara a cikinta irin na bogi. Abin yana bayyana gare ka, ka san ba jiki gare shi ba, duk da haka yana taɓa zuciyarka.

Sannan ga Gizo na tatsuniya, mijin Ƙoƙi. Wasan nan gaba ɗayansa tatsuniya ce da ake shiga ciki: ga dodo, ga sarki, ga dabba mai jin magana, kuma da kalmomi kaɗai ake gina su kamar yadda kaka ke yi da dare. Yaron da ya ji "dabbar gizo" zai fahimci daga wace duniya ta fito ko ba a yi masa bayani ba. Wanda kuma ya ji intanet a ciki bai yi asara ba, tunda wasan namu ta intanet ake yinsa. Kalma ɗaya, ƙofa uku, duk ɗaki ɗaya suke kai ka.

10/ Tana da aibi, ba zan ɓoye ba. Idan ka gajarta ka ce "ina kiwon gizo", wani zai ɗauka gizo-gizo kake tarawa a kwalba. Saboda haka aikin sai a faɗe shi cikakke: kiwon dabbar gizo. Haka wurin mallaka, "dabbar gizona" tana da nauyi a baki, kamar wani Gizo ne naka mai dabba. "Dabbata ta gizo" ta fi daɗi. A cikin wasa kuwa babu mai buƙatar duk wannan, kyanwata da kwikwiyona za a ce, kamar yadda mai akuya ba ya cewa dabbar gidana. Kalmar ta littafin jagora ce, da allon shago, da lokacin da kake yi wa na waje bayani.

Wani ƙaramin abu da ya taimaka mata: babu harafi mai lanƙwasa a cikinta. Tsohon injin wasan ba ya son ƙ da ɗ da ɓ, yana haɗiye su ko ya mayar da su tarkace, kuma ba kowace waya ce ke da su a madannai ba. Shi ya sa umarnin da ɗan wasa zai riƙa bugawa muka zaɓo masu sauƙi: jera, saya, kira, ciyar, shayar, umarci. Dabba da gizo duk sun tsallake wannan shinge.

11/ A lura, ba kowace halitta mai bin ɗan wasa ba ce dabbar gizo. Dokin da ake hawa abin hawa ne. Halittar da boka ke kira da tsafi ta yi masa aiki ta ɓace, wannan mun bar ta a hadimi. Dabbar gizo ita ce wadda ka saya ko ka horar, ka raɗa mata suna, nauyinta ya hau kanka.

12/ Abin da muka rubuta a fayil yanzu: dabbar gizo, jam'i dabbobin gizo, aikin kuma kiwon dabbar gizo. Allon shago: Turken Dabbobi. Maganar da mai shago ke yi bayan ka biya mun mayar da ita "Allah ya sa albarka a kiwo", don abin da mai sayar da dabba zai faɗa ke nan.

Abu ɗaya ya rage. Hausarmu ta Jos ce, kuma mun san yadda ake yi mana dariya a kanta. Mutanen Kano, Katsina, Sakkwato, da 'yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, "yi gizo" da wannan ma'ana haka yake a bakinku, ko akwai wata kalmar da ta fi ta zama? Idan akwai, ku kawo ta a cikin jimla, irin wadda yaro zai faɗa wa abokinsa, ba ita kaɗai tsirara ba. Ranar Juma'a bayan sallar la'asar za mu rufe fayil ɗin shagon mu wuce makabartar birni, inda wasu kalmomin ke jiranmu.